Sharhi Kan Kwas Ɗin Koyon Kiɗan Konga Na Ƙasar Kyuba

Wata huɗu ke nan da na biya kuɗin wani kwas na intanet da ke koyar da kiɗan konga, wato dogayen gangunan nan masu kama da turmi da ake bugawa da hannu, waɗanda mutanen Kyuba suke kira tumbadora. Malamin dattijo ne ɗan Kyuba da ke magana da Sifaniyanci, ana rubuta fassara a ƙasan bidiyon, ni kuwa na shiga da tsofaffin ganguna biyu da na saya a Sabon Garin Kano, matsakaiciya da babba wadda ake ce wa tumba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, a makonni biyun farko malamin bai bari an taɓa ganga ba, sai tafi kawai. Ya ce duk wanda bai riƙe kilabe ba, ko da hannunsa ya fi walƙiya sauri, hayaniya yake yi. Kilabe sunan wasu gajerun sanduna biyu ne da ake buga ɗaya a kan ɗaya, kuma shi ne sunan zubin bugu biyar da suke fitarwa, uku a gaɓa ta farko, biyu a ta biyu, ko kuma a juya a fara da biyun. A kan wannan zubi ake ɗora waƙa da rawa da kowane kayan kiɗa. Da farko na ji haushi, domin ganga na biya kuɗi in koya, amma yanzu ina ganin waɗannan makonni su ne mafi daraja a kwas ɗin. Akwai ranar da nake tafa kilaben salon kiɗan Kyuba da ake kira son, malamin ya sauya zuwa kilaben wani salon mai suna rumba, wanda bambancinsa bai wuce jinkirta bugu na uku da ɗan ƙanƙanin lokaci ba, sai na ji kiɗan gaba ɗaya ya karkata kamar an sauya masa ƙafa. Tun daga ranar kunnena ya buɗe.

Darasin hannu ma an yi shi da natsuwa. An kafa kyamara a saman gangar, ta yadda ake ganin inda kowane yatsa yake sauka. Akwai buɗaɗɗen bugu, inda yatsu huɗu suke dukan gefen fata su tashi nan take. Akwai bugun danne, inda ake barin su a kanta. Akwai bugun tsakiya da dukkan tafin hannu. Sannan akwai mari, wanda ya fi kowanne wuya. Na shafe kusan wata guda ina neman wannan ƙara mai kaifi kamar fashewar busasshen kara, ina ta ƙara ƙarfi har yatsuna suka kumbura, kafin na lura cewa malamin yana sakin wuyan hannunsa ne, ya ɗan lanƙwasa tafin, ƙarshen yatsun su cafki fatar. Ƙarfi ba ya cikin sha'anin. Daga baya hannun ya yi kanta, ina shafa masa man kaɗanya da dare don kada ya tsage.

Daga nan aka shiga tumbawo, zubin da ke ƙarƙashin kiɗan son da salsa. Bugu takwas ne a gaɓa guda: hannun hagu yana lilo tsakanin gindin tafi da ƙarshen yatsu, na dama yana sauke mari a ƙidaya ta biyu, sannan ya rufe da buɗaɗɗen bugu sau biyu a ta huɗu. Idan aka ƙara tumba, hannun dama yana ƙetarawa kanta a ɓangaren kilabe mai bugu uku, kuma a nan ne mutum yake gane dalilin wancan tafi na farko. Malamin yakan tsaya ya ba da tarihi a taƙaice, kamar yadda makaɗin Kyuba Arsenio Rodríguez ya shigar da konga cikin rukunin makaɗan son a wajen 1940, da yadda makaɗin konga ɗan Kyuba Chano Pozo ya kai ta cikin kiɗan jaz na Amurka lokacin da ya haɗu da mai busa ƙaho Dizzy Gillespie a 1947. Ya kuma bayyana cewa tushen gangar yana komawa ga gangunan yuka da makuta na mutanen Kongo da aka kai tsibirin a matsayin bayi, kafin a haramta bauta a can a 1886. Da ya ambaci gangunan bata na Yarbawa da ƙungiyar asiri ta maza mai suna Abakuwa, mai asali daga yankin Kalaba, na ji abin ya taɓa ni ƙwarai.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne a kan rumba, kiɗan unguwannin talakawan biranen Habana da Matansas, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016. Cikin nau'o'in rumba, an koyar da gwagwanko, an taɓo yambu da kolumbiya sama-sama, amma gwagwanko hira ce tsakanin makaɗa uku: mai tumba yana yin kira, mai ganga ta tsakiya yana amsawa, mai ƙaramar ganga da ake kira kinto yana yawo a samansu yana bin ƙafar mai rawa. Kwas ɗin ya cusa kason biyun farko a hannun mutum ɗaya, bai kuma ba da sautin kowane kaso daban ba, yadda ɗalibi zai kashe ɗaya ya maye gurbinsa. Na haddace zubin, amma da na saurari rukunin makaɗan rumba mai suna Los Muñequitos de Matanzas, na tabbatar cewa abin da nake bugawa ƙashi ne babu tsoka.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Bidiyon suna cin data sosai kuma ba a iya sauke su, fassarar takan makara, sannan babu darasi ko ɗaya kan kula da fata, alhali da hunturu ya shigo fatar gangata ta ɗame har sai da na koyi sassauta ƙusoshin da sifana bayan kowane atisaye.

Ga wanda yake son tumbawo mai tsabta da kunnen da ya san kilabe, kuɗin bai tafi a banza ba, kuma ina ba shi shawarar ya shiga, muddin zai jure makonnin tafi ba tare da tsallakewa ba. Wanda rumba ce burinsa kuwa, sai ya nemi abokan zama. Ni dai na shawo kan wasu abokaina biyu, muna haɗuwa duk Asabar bayan la'asar, ɗaya yana riƙe kilabe, ɗaya yana kan tumba, kuma a makon jiya ne muka fara riƙe gwagwanko na tsawon minti biyar ba tare da kowa ya ɓace ba.