Hattara da boyis ɗin "wani babba a cikin CBN"

Jama'a don Allah ku tura wa 'yan uwa. Akwai wani boyis da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Telegram, mutumin yana magana ƙasa-ƙasa sai ka ce a banɗaki ya ɓuya, wai shi babba ne a CBN, wato Babban Bankin Najeriya, amma ba zai faɗi sunansa ba kar a kore shi, wai gwamnati ta gama shiri za ta haɗa wani sabon koyin na kirifto, wato kuɗin intanet, da naira, duk wanda ya saya kafin sanarwa kakarsa ta yanke saƙa. Ƙarya ce wallahi.

Ƙanina ya tura dubu 80, kuɗin gyaran injin napep ɗinsa, kuma akawun ɗin wani mutum ne can ba na kamfani ba. A manhajarsu kullum kuɗi sai hauhawa suke, har yana nuna min waya yana dariya, ran da ya zo cirewa aka ce sai ya fara biyan dubu 15 na haraji. Ya biya. Washegari babu guruf babu admin.

Ni abin da ke ɗaure min kai, yaushe gwamnati ta taɓa yin maganar kirifto a ɓoye? Fabrairun 2021 da CBN ta hana bankuna hulɗa da masu kirifto takarda ta fitar kowa ya gani. eNaira, wato nairar intanet ta CBN, Buhari da kansa ya ƙaddamar a Oktoban shekarar. Disamban 2023 aka janye hanin, nan ma takarda. A 2024 aka tsare jami'an kamfanin kirifto na Binance biyu a Abuja duniya ta ji, 2025 kuma Tinubu ya sa hannu a dokar da ta sa harkar ƙarƙashin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari. Yau a matse gobe a sassauta, to wannan ruɗanin ne ɓarayin suke ci da shi, sun san mun saba jin sabon labari. Amma ko ɗaya ba ta bakin wani mara suna muka ji ba.

Ko CBEX, manhajar zuba jarin nan da ta rufta da mutane a Afrilun 2025 ai tana da ofis, balle wannan da ko fuskarsa ba a gani ba.

Kafin ka tura sisi shiga shafin SEC ka duba ko kamfanin na da rajista. In ka riga ka tura, maza banki da risit ɗinka, ka kuma kai ƙara EFCC. Mu ma can za mu, napep dai tana nan a ƙofar gida mun lulluɓe ta da tamfol.