Tankin gazuwal: a binne shi ko a bar shi a sarari?

Alhaji, Allah ya sa albarka a sabon gidan ƙanƙarar. Ka ce za ka riƙa ajiye gazuwal lita 10,000 saboda injin wuta, kana tambaya wanne ya fi sauƙin kula, tankin da ake binnewa, wato rijiya irin ta gidan mai, ko wanda ake ɗorawa bisa dakali. Ni dai na sarari zan ce ka saya, amma ga yadda kowanne yake.

Abokin gabarsu ɗaya ne, ruwa. Lita ɗaya ta gazuwal ba ta kai nauyin lita ɗaya ta ruwa ba, don haka duk ɗigon da ya shiga gindin tanki yake sauka ya kwanta. Can yake cin ƙarfe daga ciki, can kuma ƙwayoyin halitta suke hayayyafa su bar baƙin yauƙi mai toshe matatar inji. Bambancin shi ne ta inda ruwan yake shiga da yadda ake fitar da shi.

Na sarari numfashi yake yi. Rana ta buge shi iska ta fita, dare ya yi ya shaƙi wata mai laima, raɓa ta taru a bangonsa na ciki, musamman da damina in mai ya yi ƙasa. Sai dai maganin yana hannunka: a kafa shi da ɗan gangare, a sa famfo a gefen da ya fi ƙasa, kowane mako yaronka ya tsiyayi kaɗan a farar kwalba ya ɗaga wa rana. In da ruwa, ga shi nan kwance. Tsatsa ma ido ke kama ta, a kankare a shafa fenti, fari ko ruwan azurfa. Wahalarsa zafinmu na Afirilu da Mayu. Gazuwal lita 10,000 kan ƙaru da kusan lita 80 in zafinsa ya hau da digiri 10, saboda haka kada a cika shi maƙil, kuma a yi masa rumfa. A kewaye shi da katangar siminti da za ta ɗauki fiye da abin da ke cikinsa in ya fashe. Bayan hunturu a duba bututun numfashin, ƙura da zanzaro suna son wurin.

Rijiya kuwa ta huta da rana, ta huta da ɓarawon dare, ba ta cin fili. Amma ba ka ganin komai. Ruwan Agusta yana bin murfin da robarsa ta bushe ya shiga, ƙasa mai laima tana cin ƙarfen daga waje. Abin da ya rage maka sandar awo ce da littafi. Akwai wani man shafawa, Kolor Kut, ana shafa shi a bakin sanda, in ya taɓa ruwa ya koma ja. Yoyo kuma sai lissafi ya ƙi daidaituwa kafin ka farga, lokacin mai ya daɗe yana bin ƙasa, a garin da ruwan sha yake da tsada kamar Damagaram. Ga haƙa: wanda ya taɓa tona masai kusa da duwatsun unguwar Birni a Damagaram ya san abin da nake nufi.

Da isansi ne da magana ta sha bamban, tururinsa ke kama wuta, shi ya sa gidajen mai ke binne shi.

Ranar wanke ciki, ko wanne ka zaɓa, kada a zura yaro da bokiti. Tankin da aka kwashe cike yake da tururi, mutum kan suma kafin ya yi kira. Mai walda ma kada ya kusance shi sai masu aikin sun wanke, sun hura iska, sun auna da na'ura.