Wasiƙa ga Yaya daga Venis, garin da ruwa ne titinsa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara. Ga labarin tafiyar da ka ce in ba ka.

Daga Milan na hau jirgin ƙasa, awa biyu da rabi muka iso Venis, duk a ƙasar Italiya. Jirgin yana bin wata gada mai kusan kilomita 4 a tsakiyar ruwa, ya sauke ka a tashar Santa Lucia. Kana fitowa ƙofa, ba mota, ba babur, ko keke ba a hawa. Motar haya jirgin ruwa ce, ta asibiti ma haka, har masu kwasar shara ta ruwa suke zuwa.

Nan tsadar garin ta samo asali. Buhun fulawa ko katan ɗin madara sai an kawo shi a jirgi, sannan ɗan dako ya ɗora a amalanke yana ja, hawa da sauka a matakalan gadoji sama da 400. Na tsaya ina kallon wani gumi na zuba masa, sai na tuna 'yan dakon Kantin Kwari. Tikitin jirgin ruwa na haya Yuro 9.50 ne, kuma minti 75 kawai yake aiki. Kwale-kwalensu na yawon buɗe ido, gondola, Yuro 90 ne rabin awa. Da ƙafa na yi yawona. Shiga banɗaki ma sai ka biya. Amma ruwan sha kyauta ne a famfunan unguwa, mai sanyi da tsafta, ba mai zuwa ya ce an ɗauke.

Jirgin ƙasarsu ne ya tsaya min a rai, Yaya. Akwai tikitin Interrail na mazauna Turai, guda ɗaya ya kai ka ƙasashe 33. Na kwana a jirgin dare daga Venis, gari ya waye mana a Vienna ta Ostiriya, ga gado, ga wurin cajin waya. Daga nan na wuce Munich ta Jamus. Ba shingen hanya, sai dai 'yan sanda kan shigo duba takardu, don haka fasfo ba ya barin aljihuna. Su ma jiragensu suna makara, kada a ruɗe ka. Bambancin shi ne, idan lattin ya kai awa ɗaya, doka ta ce a mayar maka da kashi 25 cikin 100 na kuɗinka. Ina zaune a taga ina tunanin ranar da za a gama layin Kano zuwa Maradi, Inna ta je wajen danginta ba tare da wahalar mota ba.

Na sayo mata duwatsun wuya na gilas a tsibirin Murano, zan ba wanda zai zo gida da Sallah. A gaishe min da kowa.

Ƙaninka.