XMP ko ƙure RAM da hannu: wanne ya dace da kwamfutarka?

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa kwamfuta a kasuwar Olaya da ke Riyad, da furosesa Ryzen 5 5600 da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) na DDR4. A jikin kwalin RAM ɗin an rubuta gudunsa 3200, amma da ka buɗe Task Manager sai ka tarar da 2133. Ga kuma abokinka yana ta zuga ka ka tura shi har 3800 da hannu, shi ne kake tambaya ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Abu biyu ne aka cakuɗa maka a nan, kuma kowanne da amsarsa.

Mai shago bai cuce ka ba. RAM yana tashi ne da gudun da ƙungiyar JEDEC ta ƙayyade don ya yi aiki a kan kowane bod, wato babban faifan da ake jona sassan kwamfuta a kai: DDR4 yawanci 2133 ko 2400 da wuta bolt 1.2, DDR5 kuma 4800 da bolt 1.1. Shi 3200 ɗin yana ajiye a cikin RAM ɗin, a wani tsari mai suna XMP da Intel ta fito da shi a 2007. AMD ta kawo nata, EXPO, a 2022 saboda DDR5. Idan bod ɗinka na Asus ne, da sunan DOCP za ka ga XMP ɗin. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin bod da ake shiga yayin kunna kwamfuta, ka kunna XMP, ka adana, ka fita, shi ke nan. Wutar za ta hau 1.35, kuma a haka masu ƙera shi suka gwada shi kafin su sa a kwali. Gudun da ka riga ka biya kuɗinsa ne, don haka kunna shi yau. A kan Ryzen abin ya fi nauyi ma, domin Infinity Fabric, hanyar da sassan furosesa ke aika wa juna saƙo, tana tafiya ne tare da gudun RAM. Barin sa a 2133 yana jan furosesar kanta baya.

Ƙurewa da hannu kuwa wata tafiya ce daban. Lambar gudu kaɗai ba ta faɗin gaskiya, sai ka haɗa da CL, wato jinkirin da RAM ke yi kafin ya amsa. Ninka CL da 2000 ka raba da gudun: 3200 mai CL16 yana ba da nanosakan 10, 3600 mai CL18 shi ma 10 cif. Da yawa masu murnar sun kai 3600 jinkirinsu bai motsa ba, faɗin hanya kawai suka ɗan ƙara. Kafin ka ga riba ta gaske sai ka matse lambobi barkatai ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wadda ka taɓa sai ka bar manhajar gwajin RAM, MemTest86 ko TestMem5, tana gudu awanni. Idan ka zarce 3600 zuwa 3800, wasu Ryzen 5000 ba sa iya riƙe Infinity Fabric daidai da RAM, sai su rabu, jinkiri ya ƙaru, ka koma baya alhali lambar ta hau.

To a ina ake jin bambancin? A wasu wasanni, lokacin da furosesa ce ke riƙe da tafiyar. In katin hoto ne ya gaji, ba za ka ga komai ba. A Excel da Word da yawon intanet, wallahi ba za ka iya bambance 3200 da 3800 ba. Wanda ba shi da katin hoto, irin masu furosesa 5600G da ke sarrafa hoto da kanta, shi ne yake da hujja, tunda hotonsa daga RAM yake ci.

Abin da ya fi damuna shi ne ka ce da ita kake aikin takardun masu Umara. RAM da aka ƙure ba kullum yake kashe kwamfuta ka gane ba. Wani lokaci shiru zai lalata fayil, ka rufe jerin sunaye da lambobin fasfo lafiya lau, washegari ya ƙi buɗewa. Ga zafin garin nan da kan haura digiri 45 da rani. Saitin da ya tsallake gwaji da daddare, na'urar sanyi na kaɗawa, yana iya fara kuskure da azahar in an kashe ta, musamman idan ƙura ta toshe fanka. Mai sha'awar abin da ke da kwamfuta ta biyu ya yi wasansa, akwai ilimi a ciki. A kan wadda kake neman abinci da ita, ban yarda ba.

Masu DDR5 a cikinmu, 6000 mai CL30 ya wadatar da Ryzen 7000, amma ku sabunta BIOS kafin ku kunna EXPO. A Afrilun 2023 wasu furosesoshin 7000X3D sun ƙone saboda wutar SoC, wani sashe na furosesa, ta yi yawa, har AMD ta taƙaita ta a bolt 1.3.

Kai kuma buɗe murfi ka duba: RAM ɗinka guda ɗaya ne ko biyu? In ɗaya ne, riyal ɗinka ya tafi wajen sayen na biyu irinsa, ka sa su a gurbi na biyu da na huɗu daga furosesa. Wannan ya fi duk wata ƙurewa amfani. Idan kuma ka kunna XMP allo ya ƙi kawowa, kada hankalinka ya tashi. Zare wuta, cire ƙaramin batirin CR2032 na kan bod na 'yan mintuna don BIOS ya koma saitinsa na asali, mayar da shi, sannan ka gwada 3000 maimakon 3200.