Gargaɗi ga manoman Garwa da kewaye: masu tallan Hilux "ta ƙungiyar agaji" sun cuci yayana

Assalamu alaikum jama'a. Yayana bai so in yi wannan rubutu ba, don kunya, amma na roƙe shi har ya amince da sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba. Abin da ya sa na nace shi ne, jiya da dare na sake ganin tallan nan a Facebook, hotunan su ne dai, maganar ita ce dai, lambar waya kawai aka canza. Wato wani bawan Allah na kan hanyar faɗawa ramin da muka faɗa.

Yaya yana noman masara da auduga tsakanin Ngong da Lagdo. Duk wanda ya san wannan yanki ya san ƙasar, laka ce mai riƙe taya da damina, da rani kuma ta dare ta zama kamar dutse. Shekara da shekaru yana hayar mota don kai taki gona da kwaso amfani, kuɗin haya na cin rabin ribarsa, kuma ranar da yake bukatar motar ita ce ranar da kowa ke bukatarta. Sai ya yanke shawarar sayen akori-kura ta hannu, mai kat-kat, wato wadda injinta ke juya duk tayoyi huɗu, wadda za ta ja tirela. Ya haɗa kuɗin audugarsa, ya sayar da bijimai huɗu, surukinsa ya ranta masa ciko.

Tallan ya ce wata ƙungiyar agaji ce ta kammala aiki a Arewa Mai Nisa tana sayar da motocinta da gaggawa. Toyota Hilux fara, mai shan gas, kilomita 94,000 kacal, sefa miliyan 6 da rabi. Mutumin da ya ɗauki waya yana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, bakinsa kamar zuma, "Alhaji" a farkon magana, "Alhaji" a ƙarshenta. Ya ce shi dillali ne kawai, Bature mai motar zai tashi ranar Juma'a, kuma akwai wani ɗan kasuwa daga Kuseri da ke tafe da kuɗi a hannu. In Yaya na so a riƙe masa, sai ya tura sefa 300,000 ta waya a matsayin kafin alƙalami. Ya tura. Daga wannan lokacin ya zama nasu, don wanda ya riga ya zuba kuɗi a abu ba ya zuwa duba shi da idon mai neman aibi, zuwa yake yi da fatan kada ya ga aibin.

Ga inda waɗannan mutane suka bambanta da 'yan damfarar da muka saba ji. Ba su kashe waya sun ɓace ba. Motar tana nan, da gaske. An kira Yaya wani fili a bayan gari dab da magariba, aka ce ofishin ƙungiyar ba ya barin baƙi su shiga. Ya tarar an wanke ta tas, injin na aiki tun kafin ya iso, ƙarƙashinta baƙi wuluk da sabon fenti. Ya ce zai kira bakanikensa, suka ce ai ga bakanike nan tare da su, tsohon ma'aikacin ƙungiyar ne. Suka zaga da shi kan kwalta na minti goma, babu kaya, babu tudu. Aka ƙirga kuɗi a cikin mota, aka rubuta takardar sayarwa da biro a kan bonet, aka ce gobe da safe a haɗu a ofishin 'yan sanda a buga mata hatimi. Har yau goben ba ta zo ba.

Kwana tara motar ta yi. Ranar da aka ɗaura mata tirela da buhu 20 na masara, ba a yi kilomita bakwai ba sai direba ya ji bayan motar ya zauna, akorin ya jingina da kan mota. Allah Ya kiyaye ba a kan gangare ba ne, kuma yaran da ke bisa buhunan babu wanda ya ji ciwo. Da aka ja ta zuwa gareji a Garwa aka ɗaga, na je da kaina na gani. Shasin, wato ƙarfen ƙarƙashi da ke ɗauke da duk jikin motar, ya taɓa karyewa a bayan kan mota, an liƙa shi da walda, an shafe wurin da mastik, abin nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi, an bi da baƙin fenti mai kauri. Bakaniken ya sa sukuddireba ya kankare, tsatsa na zubowa kamar garin dawa. Ƙugiyar jan tirela kuwa a jikin bamba aka walde ta, ba a ɗaure ta da kusoshi a jikin shasi ba. An ƙara wa sifirin na baya ganye biyu don motar ta tsaya da tsayi, mai kallo ya ɗauka ƙarfi ne. Sandar da ke kai juyi ga tayoyin gaba babu ita sam, an cire, ke nan giyar kat-kat ɗin ado ce, ka sa ta ko ka cire ta duk ɗaya.

Bakaniken, dattijo ne da ya haura shekara talatin a ƙarƙashin motoci, ya dubi Yaya ya ce: "Alhaji, da ka kira ni, ko tabarma ba zan shimfiɗa ba, durƙusawa ɗaya zan yi in ce maka mu tafi." Ya nuna mana robar wurin taka birki da ta kuloci sun cinye har ƙarfe ya fito, sitiyari ya yi sulɓi, kujerar direba ta lotsa. Ya ce motar da ta yi kilomita 94,000 ba ta kama da haka, agogon aka mayar baya.

Abin da ya fi karya mana gwiwa shi ne takardu. Kowace mota tana da lambar shasi, yawanci mai haruffa da lambobi 17, a Hilux an buga ta a jikin ƙarfen shasi ta gefen dama. Lambar da ke kan kart giriz, wato takardar rajistar mota, da aka ba Yaya da wadda ke jikin ƙarfen ba su zo ɗaya ba, kuma an ga alamar guga a wurin. Takardar duwan, wato ta kwastan, da suka haɗa masa da ita hoto ne na takardar wata motar daban. Yanzu ko da an gyara shasin, ba za a iya mayar da ita sunansa ba, kuma duk shingen jandarma da ya tsaya, shi ne zai amsa tambayar inda motar ta fito.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa suke farautar manoma musamman. Mai sayen motar yawo cikin gari yana iya shekara da karyayyen shasi bai sani ba. Jan kaya ne ke tona asirin mota, amma sai bayan an biya kuɗi. Su kuma sun san lokacin da kuɗi ke shiga hannun manomi, sun san yana sauri kada damina ta riske shi, sun kuma san sunan Hilux da Land Cruiser kaɗai ya isa ya kwantar masa da hankali. Motocin nan masu ƙarfi ne, ba musu. Land Cruiser 79 mai injin 1HZ, lita 4.2 da silinda shida, ta yi suna a dajin nan da Chadi saboda juriya da sauƙin gyara. Amma wannan sunan ne ake fakewa da shi a sayar maka da wadda ta riga ta mutu a aikin katako ko jigilar kan iyaka, an yi mata wanka da fenti.

Akwai kuma laifinmu, ba zan ɓoye ba. Ba mu yi lissafin nauyi ba. Buhu 20 na kilo 100 tan biyu ke nan, ga nauyin tirelar kanta, ga mutane a sama. Sabbin Hilux mafi ƙarfi iyakar abin da za su ja kilo 3,500 ne, kuma sai in tirelar na da birkinta. Tirela marar birki, irin da maƙeranmu ke haɗawa, iyakar da kamfani ya yarda da ita kilo 750 ne. Tsofaffin samfuri kuma ba su kai sababbin ba. Wanda ya taɓa saukowa gangaren Ngaundere da kaya a bayansa ya san jan kaya abu ne mai sauƙi in aka gwada shi da tsayar da shi. Don haka duk dillalin da ya ce maka "wannan ko tan biyar za ta ja", ko bai san mota ba, ko ya san kai ne ba ka sani ba.

Ga abin da nake roƙon duk mai shirin saye. Kada sisinka ya fita ta waya don a riƙe maka mota, ba a cinikin biri a sama. Ka je da safe, da hasken rana, da bakaniken da kai ka ɗauko kuma kai za ka biya. Ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi na nufin yana ƙona baƙin mai. In farin hayaƙi ya ƙi tsayawa, ko ka buɗe lagireto tun injin na da sanyi ka ga kumfa na tasowa, ko ka ga murfin baƙin mai ya yi kamar an zuba madara, to ruwa da mai sun haɗu, kuma irin wannan injin kwana kaɗan zai yi da tirela a zafin watan Afrilu. Ka shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma, ka bi shasin daga gaba zuwa baya. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, wurin da aka cika da mastik kuwa sautinsa a mace yake, kuma maganaɗisu ba ya kama shi sosai. Sabon fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tambaya ne. Ka sa kat-kat a cikin yashi ko laka ka ga tayoyin gaba suna haƙa da idonka. Sannan ka ɗaura tirelarka da kaya ka hau tudu. In injin na ihu mota ba ta ƙara gudu, kulocin ya ƙare. Mai motar kirki ba zai hana ka wannan gwaji ba, ko da za ka sayi man da kanka.

Takardu kuwa, ka karanta lambar shasi harafi bayan harafi, kai da wani, ɗaya na kallon ƙarfe ɗaya na kallon kart giriz. Sunan da ke kan kart giriz ya zama shi ne ke kan katin ɗan ƙasa na wanda zai sa hannu. A je ofishin sufuri a tabbatar da lambar, a buga hatimin takardar sayarwa a gaban hukuma, sannan kuɗi ya fita, a gaban shaidu. In an ce ta ƙungiya ce, ka taka da ƙafarka zuwa ofishin ƙungiyar ka tambaya.

Mun kai ƙara wajen jandarma a Garwa, mun miƙa lambobin wayar, da shaidar tura kuɗi, da hotunan tallan. Sashe na 318 na dokar laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga mai damfara, amma sai an kama shi, kuma ƙarar mutum ɗaya ba ta da nauyin ta mutum biyar. Tun da labarin ya fita, wani manomin albasa daga wajen Pitowa ya zo ya ce shi ma ya tura kafin alƙalami ga mai irin wannan murya, amma bai ma ga motar ba. Idan kai ma abin ya same ka, ko wani naka a Gider, Marwa ko Tuboro, don Allah kada kunya ta rufe maka baki, ka je ka shigar da taka ƙarar, ka kai duk saƙonnin da kuka yi ba tare da ka goge ko ɗaya ba. Motar tana nan a gareji bisa duwatsu, bakaniken ya ce duk mai son ya ga yadda ake ɓoye karyayyen shasi ya zo ya leƙa kafin jandarma su ɗauke ta.