Mai gadin iskar taya na Honda Accord: yana aiki, amma sai an iya saita shi

Daga ƙirar 2013, Accord ta daina sa na'urar auna iska a cikin kowace taya. Masu sayen ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka kan yi mamaki in mai faci ya buɗe taya bai ga komai a jikin bawul ba, alhali fitilar gargaɗi na nan a gaban direba. Motar ba ta auna iska. Kirdado take yi, daga saurin juyawar ƙafafun huɗu da na'urorin birkin ABS (tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi) ke aika wa kwamfuta.

Tayar da ta rage iska tana ɗan tsugunawa, sai ta riƙa juyawa fiye da 'yan'uwanta kafin ta cinye tazara ɗaya. Bambancin ƙanƙane ne, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma kwana, taka birki da nauyin kaya duk suna kawo irinsa. Shi ya sa tsaruka irin wannan ke amfani da lissafin tace bayanai, kamar matatar Kalman, wadda ke gwada abin da aka zata da abin da na'ura ta gani, tana gyara kirdadon a hankali. Akwai hanya ta biyu: robar taya na da wani kaɗawa nata, wajen sau 40 a daƙiƙa, wanda ke raguwa in iska ta yi ƙasa. Da ita ake kama ranar da duka huɗun suka sace tare.

Amfaninsa a fili yake. Babu batirin da zai mutu a cikin taya bayan shekara 5 zuwa 10, babu abin da ƙarfen mai faci zai karya.

Matsalar tana wajen saiti, kuma nan ne mafi yawan masu mota ke yin kuskure. Duk lokacin da aka ƙara iska, aka sauya taya ko aka juya ta gaba zuwa baya, sai an sake koya wa tsarin. A auna da geji da safe kafin taya ta ɗau zafi, a bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wanda ke jikin taya ba. Mota na tsaye, a danna maɓallin TPMS (sunan tsarin lura da iskar taya a taƙaice) har fitilar ta ƙifta sau biyu, ko a bi ta allo a ƙirar da ke da shi. Sannan tafiyar kusan minti 30 a gudun kilomita 50 zuwa 100. Cunkoson cikin gari ba ya wadatarwa.

Wanda ya danna maɓallin don kawai ya kashe fitila, ya koya wa motar cewa tayar da ta sace ita ce daidai.

Tayoyin gwanjo masu kamfani daban-daban, ko wata ta fi wata cinyewa, suna sa tsarin yin gargaɗin ƙarya. Ba ya faɗin wace taya ce, ba ya nuna adadi, ba ya ganin komai in mota na ajiye. In fitilar ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya a kunne, laifin na tsarin ne, galibi na'urar ABS ko wayarta.

Ga mai tayoyi iri ɗaya da ke yawan hawa babbar hanya, ya isa. Mai haya da ke sauya taya ɗaya-ɗaya gara ya ajiye geji a mota, ya auna duk mako.