Camry suna suka tara: wace shekara, wane inji?

Idan ka nemi shawarar sayen mota a garejin bakanike ko a majalisar bayan la'asar, ba za a yi dogon zance ba, za a ce maka ka sayi Camry. Shawarar ba ta da laifi, sai dai ba ta cika ba. Camry ɗin 2008 da ta 2010 jikinsu kusan ɗaya ne, daga nesa ba kowa ke bambanta su ba, amma inji da giyar da ke cikinsu daban suke, kuma a nan ne kuɗin mutum ke zama ko ya zurare. Don haka kafin ka tambayi farashi, fara sanin wace shekara ce a gabanka, kuma wane inji ne a ƙarƙashin bonet.

Kamfanin Toyota ya fara amfani da sunan ne a Japan a 1980, a kan wata mota mai ƙofa huɗu da ya kira Celica Camry. A 1982 ta tsaya da ƙafarta, ƙarama mai jiki kamar akwati, tayoyin gaba ke janta. Shekara ɗaya bayan nan ta shiga kasuwar Amurka, a 1988 kuma aka fara haɗa ta a garin Georgetown na jihar Kentucky. Wannan ne ya sauya mata alƙibla. Daga nan aka koma ƙera ta bisa abin da Ba'amurke ke so: ciki mai faɗi, kujera mai laushi, giya mai canja kanta, tafiya ba hayaniya. Tun daga 1997 ta riƙa zama ƙaramar motar da aka fi saya a can shekara bayan shekara, in ka cire 2001 da Honda Accord ta sha gabanta. Yawan da ta yi a can shi ya sa ta cika titunanmu, tunda mafi yawan na hannu da ake saukewa a tashar Tin Can ta Legas ko a Kwatano daga Amurka da Kanada suke fitowa, kuma sitiyarinsu a hagu yake, daidai da hannun da Najeriya ta koma tun 1972. Ka riƙe wannan a ranka: an yi ta ne don titi mai santsi, ba don hanyar ƙauye da damina ba.

Tsofaffin ba sa buƙatar dogon bayani. Ta 1992 zuwa 1996, wadda 'yan Legas suka laƙa wa suna Orobo, ita ce ta farko mai faɗin jiki, ƙashin bayanta ɗaya da Lexus ES 300, kuma har yau tsofaffin kanikawa na yaba ƙarfenta. Ta 1997 zuwa 2001, mai siririyar fitilar baya da ake kira Pencil, tana da inji mai lita 2.2 wanda kowane yaron gareji ya san cikinsa. Bel ne ke juya shi, ba sarƙa ba, amma ko bel ɗin ya tsinke a hanya injin ba ya lalacewa, sai dai ka tsaya a sa sabo. Matsalarsu ɗaya ce, shekaru. Motar da ta kai shekara ashirin da biyar ta ratsa hannu da yawa, wayoyinta sun sha ɗori, robobinta sun bushe. In abin da ke hannunka ke nan, nemi mai silinda huɗu. Mai shida ta wancan zamani an san ta da daskarar da baƙin mai idan aka yi sakaci da juye.

Big Daddy, wato ta 2002 zuwa 2006, ita ce motar iyali ta gaskiya. Rufinta dogo ne, mutum uku manya za su zauna a baya ba a matse ba, but ɗinta kuma na cin kaya. Da ita aka shigo da inji mai lita 2.4, mai lamba 2AZ-FE, wanda sarƙa ke juyawa, don haka an huta da canjin bel. Amma tana da wani lahani da ya kamata mazaunin ƙasar zafi ya sani. Gangar injin ta alminiyam ce, kuma idan ya taɓa yin zafi sosai, zaren ramukan da kusoshin kan inji ke shiga na iya cinyewa, musamman na baya. Sai ruwa ya riƙa tsiyaya ta bayan inji, gasket ya ƙone, a canja, bayan 'yan watanni ya sake. Idan mai sayarwa ya ce maka "gasket kawai muka canja mata kwanan nan", kada ka ɗauki maganar da sauƙi. Tambayi abin da ya sa ya ƙone.

Yanzu ga inda aka fi tafka asara, wato Muscle, ta 2007 zuwa 2011. Kyakkyawa ce, ita ce ta fitar da Camry daga sahun motocin dattawa, kuma ita ce ta fi yawa a wuraren dillalai. Sai dai gida biyu ce. Ta 2007, 2008 da 2009 mai silinda huɗu tana ɗauke da wancan inji mai lita 2.4, kuma na waɗannan shekaru sun yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai. Dalilin yana jikin fistin: ƙananan ramukan da mai ke komawa ta cikinsu suna toshewa, ringin da ke share mai ya maƙale, sai man ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Ba lallai ka ga ɗigo a ƙasa ba, ba lallai ka ga hayaƙi mai yawa ba. Za ka yi juye yau, bayan sati uku ka zaro sandar awo ka tarar mai ya sauka. Kamfanin da kansa ya amince da matsalar, ya riƙa canja fistin kyauta a Amurka ga motar da aka gwada aka ga tana shan kusan lita guda a mil 1,200, amma wa'adin wannan rangwame ya wuce tuntuni. Ba duka ne ke yi ba, akwai masu lafiya ƙalau, sai dai babu yadda za ka gane a zagayen minti goma da dillali a gefenka. Ga kuma dashbod ɗin wannan zubi da ke narkewa a rana, ya yi danƙo yana ƙyalli har ya riƙa haska gilashin gaba. Wanda zai ajiye mota a ranar Sakkwato ko Maiduguri ya taɓa shi da hannu kafin ya biya. In ka ga an shimfiɗa masa kafet, ɗaga ka duba.

A ta 2010 aka sauya inji zuwa mai lita 2.5, lamba 2AR-FE, ƙarfin doki ya tashi daga 158 zuwa 169, giya ta koma shida maimakon biyar. Ya fi ƙarfi, ya fi tsimin fetur a doguwar tafiya, kuma bai gaji wancan ciwo ba. A ganina, ga mai matsakaicin ƙarfi, ta 2010 ko 2011 mai silinda huɗu ita ce inda kuɗi ya fi yin daraja a duk jerin.

Masu sayarwa sun san haka, shi ya sa ake ɗaukar ta 2007 a canja mata bamba da fitilu da ragar gaba, a ce maka ta 2010 ce. Maganin wannan yana jikin lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda za ka gani ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa. Ƙirga zuwa ta goma. In ka ga 7, 8 ko 9, to shekarar ke nan, 2007 zuwa 2009. A na nufin 2010, B 2011, C 2012, haka har H ta 2017, sai J ta 2018. Farkon lambar ma na magana: 4T ƙirar Amurka ce, JT ƙirar Japan. Sannan buɗe bonet ka karanta takardar da ke manne a cikinsa, za ka ga an rubuta 2.4 ko 2.5. Lambar gilashi da ta ƙofa da ta takardu su zo ɗaya, in ɗaya ta saɓa, ka yi sallama.

Ta 2012 zuwa 2017 ta ci gaba da wancan inji mai lita 2.5, ta rage nauyi, sitiyarinta ya koma na lantarki, don haka babu sauran yoyon man sitiyari. Abin lura a na 2012 zuwa 2014 shi ne wata karkarwa da giya ke yi idan kana tafiya a hankali da ɗan totur, kamar ka taka ƙananan kunyoyin kan titi. Ka gwada ta a gudun kilomita 40 zuwa 80 ba tare da ka danna sosai ba, ka kashe rediyo, ka saurari jikinta. A 2015 an sake mata kusan dukkan jiki in ban da rufi, kuma na 2015 zuwa 2017 su ne suka fi kwanciyar hankali. In aljihu ya kai, nan zan tura ka.

Daga 2018 labari ya sauya. Sabon gini ne gaba ɗaya, ta yi ƙasa, ta yi faɗi, tana riƙe kwana fiye da duk magabatanta. Injin na da ƙarfin doki 203, giya takwas, kuma yana fesa fetur ta hanya biyu, har da kai tsaye cikin silinda. Tsiminta na fetur abin yabo ne, amma tana da zaɓe. Baƙin man da aka rubuta mata siriri ne ƙwarai, 0W-16, ba irin mai kaurin da ake ɗura wa kowace mota a bakin titi ba, kuma ba ta son gurɓataccen fetur. An kuma yi kiranyen wasu na 2018 da 2019 saboda famfon fetur da ke iya tsayawa ana cikin tafiya, don haka a bincika ko an canja. Mota ce ta wanda ke da bakanike mai na'urar bincike, wanda ke karanta abin da kwamfuta ta nuna kafin ya ɗauki sifana. Ta 2025 kuwa a Amurka duk masu haɗin fetur da batir ne, an daina mai silinda shida, a Japan ma an daina sayar da Camry tun ƙarshen 2023.

Mai silinda shida ta 2007 zuwa 2017, lita 3.5 da ƙarfin doki 268, inji ne mai ƙarko da daɗin tuƙi a hanyar Kaduna zuwa Kano. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce zai ji a jikinsa. Aikinta ma ya fi tsada: kafin a kai ga fulogi uku na baya sai an kwance bututun iskar da ke samansu. Mai haɗin batir kuwa, wadda aka fara a 2007, tana rage shan mai sosai a cunkoso, sai dai babban batirin da iskar cikin mota ake sanyaya shi, kuma ƙurar hunturu na toshe fankarsa. Kwamfiresan sanyinta na lantarki ne, yana da nasa mai na musamman, in aka zuba masa na gama-gari an jawo aiki. Kada ka saye ta sai an auna lafiyar batirin a gabanka.

To ina Accord, kishiyarta? Ta girme ta ma, tun 1976 take, kuma tun 1982 ake haɗa ta a Ohio. Ta fi Camry daɗin sitiyari, sau da yawa kuma ta fi ta araha a shekara ɗaya. Injinta mai lita 2.4 ba shi da abin kushewa. Amma wadda ake kira End of Discussion, wadda ta fara fitowa a 2003, an san ta da cire ƙafar gaba idan boljoyin na ƙasa ya ci aka ƙyale shi, ko aka sa jabu, giyar masu silinda shida na farkon zubin kuma ta ba mutane wahala. Honda ba ta yarda da man giya ko man sitiyarin da ba nata ba. Mai kula zai ji daɗinta. Wanda kuma ya san ba ya zuwa gareji sai mota ta tsaya, ya tsaya a Camry, wadda kayanta ke ko'ina daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, kuma ranar da ya so sayarwa ba zai daɗe yana jiran mai saye ba.

Duk wannan lissafi na shekaru yana rushewa idan motar da ke gabanka ta sha wuya. Ta 2008 da aka riƙe da amana ta fi ta 2015 da ambaliya ta shanye. Je da safe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙara ko hayaƙi. Je da naka bakaniken, ba wanda dillali ya kawo ba. Ɗaga kafet ɗin ƙasa ka shinshina, ka leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujeru: tsatsa a wurin alamar ruwa ce. Wadda ta fito daga jihohin ƙanƙara kuma a ɗaga ta a duba cikinta, saboda gishirin da ake zubawa a titunansu na cin ƙarfe. Kunna makulli ka tabbata fitilar inji da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu bayan ta tashi, don akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya. Awon tafiyar 'yar Amurka da mil yake, mil 100,000 kuwa kilomita 160,000 ne, kuma ana mayar da shi baya, saboda haka ka gwada shi da yadda robar birki da fatar sitiyari suka cinye. A duba tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda 'yan gareji ke kira indomi, ana yawan fasa ta a kwashe cikinta tun kafin mota ta iso hannun mai saye.

In ta gida ce, wadda aka riga aka hau a nan, ƙara da abu biyu. Buɗe lagireto tana sanyi: in ruwan famfo ne mai tsatsa maimakon ruwan sanyaya mai launi, ka san irin riƙon da aka yi mata. Sannan ka lura ko fanka na tashi da zarar an kunna makulli. In haka ne, an haɗa ta kai tsaye, wataƙila an cire abin daidaita zafin inji, kuma galibi ana yin haka ne don a rufe matsalar zafi da ba a gyara ba.

Takardun kwastan kuma ka kai su ofishinsu a tantance da lambar shasi kafin kuɗi ya bar hannunka. A farkon 2017 an hana shigo da motoci Najeriya ta iyakokin ƙasa, don haka wadda aka ce ta Kwatano ce ta fi buƙatar wannan bincike, komai kyan fentinta.